Mutumin da Na Kashe a Kan Fom

Ranar Alhamis ce, ta biyu bayan ƙaramar Sallah, ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe. Mu uku ne a shagona da ke bakin titi a Gaya: ni, da Modu mai hoto, wani Babarbare da muke raba rumfa ɗaya da janareto ɗaya, sai wani dattijo Bafillace da ya shigo da sanda a kafaɗa da baƙar leda a hannu. Kafin sha biyu ta buga na kashe dattijon nan. Yana zaune a kan bencina lokacin da na yi, da zai tafi ma har godiya ya yi mini.

Saboda ku nake rubuta wannan, ku matasan da kuka buɗe shagunan kwamfuta daga Gaya har Ajingi. Kwanan baya ɗaya daga cikinku ya ce da ni, "Baba Habu, ai cike fom ɗin sukolashif ko a kan babur kake za ka yi da waya." Ban yi masa musu ba. Ni ma na taɓa ganin aikin da sauƙi, kuma a shekarar ce na yi kisan kai.

Kafin in fara wannan sana'a na yi shekara takwas a wani gidan rediyo a Kano. Ina fassara labarai, ina kuma riƙe da teburin sanarwa. Doka ɗaya ce a teburin nan da ba a ɗaga wa kowa: ba a karanta rasuwar mutum sai ɗan'uwansa na jini ya zo da ƙafarsa, ya faɗa da bakinsa, ya sa hannu. Na taɓa mayar da direban wani babban attajiri da takardarsa, yana zagina ina gyara zaman biro a aljihu. Na daɗe ina ba da wannan labari a majalisa don a san irin tsantsenina. Ku riƙe shi, za ku buƙace shi a gaba.

Da aka rage ma'aikata na dawo gida, na zauna a wajen Alhaji Ilu, mai buga wa mutane takardu a gindin darbejiya kusa da sakatariya. Na haura talatin, ga muryar da rabin jihar ta sani, amma wata shida ban taɓa tafireta ba. Aikina jera takardar karbon, da sauya ribon idan ya koɗe, da kankare kuskure da reza ba tare da na huda takarda ba. Alhaji Ilu ba ya fara bugu sai ya yi kusan rabin sa'a yana gaisawa da mutum. Ina gida, ina gona, ɗan wane ne kai, wa ya riƙe ka, me ka karya da shi. Ina gefe ina ƙirga mutanen da ke layi ina jin haushi. Wata rana na ce masa, "Alhaji, lokaci na tafiya." Ya ce, "Mai rediyo, takarda ba ta san kowa ba. Abin da na sani shi take faɗa. In ban san mutum ba me zan sa mata a baki?" Na ɗauka surutun tsufa ne.

Takardar tallafin karatun likitan haƙori ta farko da na rubuta, ta wani yaro ce daga Balan. Ubansa ya zauna a benci yana juya hula a hannu, ya ce, "Malam, shekara shida don a koyi cire haƙori? Wanzamin unguwarmu fa da yamma ɗaya ya cire mini biyu." Na tambaye shi kwana nawa ya yi bai tauna tuwo ba bayan nan. Ya ce ai wannan ƙaddara ce. A kan wannan yaro na koyi abin da ya bambanta karatun haƙori da sauran. Yana da tsawo kamar na kowane likita, sannan ga kayan aiki da ɗalibi yake saya da kansa idan ya shiga ajin gwaji: madubin baki, da ƙananan ƙarafa iri-iri, da haƙoran roba da ake koyo a kansu kafin a sakar masa bakin mutum. Masu ba da tallafi da yawa, idan sun ce ɗaliban lafiya, likitan jiki da ungozoma kawai suke tunawa. Sai ka rubuta ka tambaya ko na haƙori yana ciki, kada ka yanke wa kanka hukunci cewa ba ya ciki.

Daga nan na buɗe wani littafi mai baƙin bango. Duk ƙofar da na ji ana ba da tallafi sai in rubuta ta, da watan da take buɗewa, da abin da take nema. Akwai ta jiha, akwai ɗan abin da ƙaramar hukuma kan yi, akwai na kamfanoni, akwai na ƙungiyoyin 'yan asalin yanki mazauna birni, akwai kuma attajirin da ba ya son a faɗi sunansa, sai ta bakin limami ake isa gare shi. Wata ƙofar kuɗin makaranta kawai take biya. Wata tana haɗawa da kayan aiki, amma sai ka sa hannu za ka yi aiki a asibitin karkara bayan ka gama. Na koyi in karanta wa uba wannan sharaɗi da Hausa, sau biyu, kafin ɗansa ya sa hannu. Na koyi kuma cewa duk wanda ya ce a fara tura masa wani abu kafin ya sa sunan yaro, ɓarawo ne, ko da tambarinsa ya fi na gwamnati kyau.

Takardun kuwa kusan ba sa sauyawa: ta gurbin karatu, sakamakon jarrabawa, ta haihuwa ko rantsuwar kotu, shaidar asalin ƙaramar hukuma, wasiƙar dagaci, da fasfo. Nan Modu yake shigowa. Shekara da shekaru ina aika masa yara yana ɗaukarsu hoto a gaban wani jan ƙyalle da ya girmi wasunsu. Abin da ke kayar da ɗalibi ba kasafai rashin ƙoƙari ba ne. Shekarar haihuwa ce da ta bambanta tsakanin takarda biyu, ko yaron da aka haifa a ƙasar Ajingi ya je ya karɓo shaidar Gaya don nan ya yi firamare. Ni ne mai kama irin wannan. Da jan biro nake bi layi-layi, har ana cewa idan takarda ta wuce hannun Mai Rediyo ta wuce ko'ina. Na yarda da su, har na fi su yarda.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da kusan kowace ƙofa ta koma intanet. Tafireta ta shige ƙarƙashin benci. Na sayi tsohuwar kwamfuta da firinta da sikana, na zauna ina koyo da yatsa biyu ina da shekara hamsin da 'yan kai. Ku kuwa kuka buɗe shaguna, kuna gama fom kafin ni in gano inda kibiyar allo ta ɓuya. Mutanen da na yi wa takardun 'ya'yansu uku-uku suka riƙa wucewa ta gabana suna gaishe ni da hannu, suna shiga wajenku. Akwai satin da fom biyu kawai na cike, ɗaya ma na ɗan ƙanwata ne. Sai na zauna na yi nazari irin na masu ilimi, na gano cewa abin da ke cinye mini lokaci shi ne gaisuwar Alhaji Ilu. Na soke ta. Na sa aka rubuta mini allo a ƙofar shago: FOM CIKIN MINTI GOMA. Modu ya karanta ya ce, "Ko jana'iza ta fi haka daɗewa." Bai san kusan duba ya yi ba.

A cikin wannan shekara Alhamis ɗin nan ta faɗo. Wata gidauniya ta 'yan asalin yankinmu mazauna birni ta buɗe tallafi ga ɗaliban lafiya, har da na haƙori, kuma ƙarfe sha biyun ranar za ta rufe shafinta. Dattijon ya yi sallama, Modu ya riga ni amsawa.

"Kai Bafillace, yau wa ka bar wa shanun? Ko sun gaji da kai sun kore ka?"

"Babarbare, har yanzu kana satar fuskokin mutane kana sayar musu da abinsu?"

Suka tafa. Na gane sun san juna, amma idona na kan agogo. Ban tambayi sunansa ba. Na maimaita don ku ji da kyau: ban tambayi mutumin sunansa ba.

"Malam, me ke tafe da kai?"

"Takardun wata yarinya ne. Tana Kano wajen gwajin asibiti na shiga makaranta, ta yi waya ta ce yau ake rufewa."

Na zazzage ledar. Hajara Bello. Ta samu gurbin karatun likitan haƙori, sakamakonta ba inda za ka sa jan biro. Shaidar asali ta Ajingi, garin Gafasa, amma firamare a Kademi ta ƙasar Gaya ta yi.

"Yarinyar wa ce?"

"Ta wajen Goggo ce, a Kademi. Ita ta riƙe ta tun yaye."

Daidai nan janareto ya fara tari, Modu ya ɗauki jarka ya fita bayan rumfa. Na ci gaba da cikewa har na iso wani layi mai akwati biyu: mahaifi yana raye, ko ya rasu.

"Mahaifin nata fa, wannan Bellon?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. Ya sauke sandar daga kafaɗa ya fara zane da bakinta a ƙasa.

"Yana nan?"

Ya juya fuska wajen ƙofa, ya ja numfashi, bai ce komai ba.

Sha biyu saura minti ashirin. Na haɗa lissafina: yarinya a hannun goggo tun yaye, a wata ƙaramar hukuma, wani dattijo ya kawo takardunta, an ambaci uba ya kasa magana. Na ce a raina wannan ɗan'uwan mamacin ne, mutuwar ba ta sake shi ba. Don ladabi, kada in fama masa ciwo, ko addu'a ban yi a fili ba. Da na ce Allah ya jiƙansa da ya tsayar da ni. Na ce kawai, "Na gane, Malam." Shi kuma ya ce, "Madalla," kamar wanda aka sauke wa buhu. Na latsa akwati na biyu.

Ban tsaya nan ba. Gidauniyar tana da jeri biyu, na marayu da na 'ya'yan ƙananan manoma, kuma na marayu ake fara dubawa. Akwai wurin da ake bayanin halin da ɗalibi yake ciki. Na zuba Turancina na gidan rediyo, na rubuta cewa yarinyar ta tashi ba ta san inuwar uba ba. Ni kaina da na karanta sai da na ji tausayi. Sha biyu saura minti huɗu na tura, firinta ta fitar da 'yar takarda mai lamba kawai, na miƙa masa. Ya yi mini addu'a doguwa, ya saɓa sandarsa ya tafi. Na ce wa Modu, "Ka gani? Har da saura."

Bayan sati uku gidauniyar ta aiko mai bincike, wani malamin makaranta mai suna Sabi'u, ya bi gida-gida a kan babur. Shi ya ba ni labarin da bakinsa daga baya. Ya isa Gafasa da hantsi, ya tarar da wani dattijo a bakin garke yana zuba wa shanu dusa. Ya yi sallama ya ce, "Baba, gidan marigayi Malam Bello nake nema."

Dattijon ya ajiye kwano. "Inna lillahi. Wane Bellon?"

"Mahaifin Hajara, mai karatun likita."

Sabi'u ya ce dattijon ya dube shi, ya shafa ƙirjinsa kamar mai neman tabbaci, ya ce, "Yaro, ni ne Bello. Yaushe aka ce?"

Dokar gidauniyar a rubuce take a ƙasan fom: duk wanda ya ba da bayanin ƙarya an cire shi, kuma ba zai sake nema ba. Aka cire sunan Hajara. Saura kwana tara jami'a ta rufe rajista, kuma da wannan tallafi kaɗai gidan ya dogara. In ba ta yi rajista ba gurbin ya tafi ga wani.

Ita da kanta ta zo shagon, ranar Litinin da safe. Doguwa ce, siririya, da farin hijabi da fayil a hannu. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ajiye kwafin fom ɗin a kan tebur, ta sa yatsa a kan layin.

"Baba, don Allah yaushe mahaifina ya rasu? Ina so in sani, don jiya na baro shi yana gyaran shinge."

Na buɗe baki. A rayuwata na karanta labarai kai tsaye ba takarda a gabana, amma ranar ko tari bai fito ba. Modu ya leƙo ya karanta ta kafaɗata, ya zauna a ƙasa dirshan yana dariya har hularsa ta faɗi.

"Mai Rediyo! Duk titin nan wa bai san 'yar Bello ce ba? 'Yar fari ce! Kuma sunan mahaifiyarsa gare ta. Kana so Bafillace ya buɗe baki a gaban mutane ya ce ni na haife ta? Ai gara ka ce ya ba ka saniya."

Da a ce baƙon al'adar ne ni, da na samu mafaka. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, "wannan yaron" take cewa, yana da furfura. Na san kunyar ɗan fari tun kafin in san baƙi da wasali. Abin da ya faru shi ne ina kallon agogo, ba na kallon mutum.

Hajara ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kwamitin gidauniyar zai zauna ranar Asabar a Ajingi. Sun ce ba sa sauraren ƙorafi, amma na roƙi shugabar ta ba mu minti biyar. Za ka zo?" Na ce ko a ƙafa.

Takardar roƙon da na rubuta ita ce mafi wuya a duk aikina, kuma layi bakwai ce. Sau huɗu ina yagawa, don kowane karo sai in tarar na lallaɓa na ɗora laifin a kan sabis, ko janareto, ko ƙurewar lokaci. Ta biyar ta ce: ni na cike, ban tambaya ba, yarinyar ba ta ga fom ɗin ba, uban bai iya karatun boko ba. Na ciro tafireta daga ƙarƙashin benci na buga ta a kai, ban san dalili ba.

Ranar Asabar kwamitin ya zauna a wani ajin firamare, mutum biyar a bayan teburin malami. Shugabar wata Hajiya ce, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, mai tabarau a kan hanci. Mu kuma muka matsu a bencin yara: ni, da Malam Bello, da Hajara a can gefe. Modu ya biyo mu wai shi shaida ne, aka bar shi a waje.

Hajiya ta karanta takardata, ta dube ni ta saman tabarau. "Kai ne wanda ake ji a rediyo da?"

"Ni ne, Hajiya."

"Mai sanarwar rasuwa?"

"Har da ita, Hajiya."

"To ashe ba ka bar aikin ba."

Aka yi dariya, ban da ita. Ta ce sun sha ganin an kashe uba a takarda don a shiga jerin marayu, idan asiri ya tonu sai a kawo mai shago ya ce kuskurensa ne. Sun kuma taɓa ganin an ɗauko wani dattijo a tasha an ce shi ne uban. Saboda haka ba za su rubuta komai ba sai mutumin ya faɗa da bakinsa, a shigar a takardar zama, ya dangwala. Ta juya wajensa.

"Malam, mene ne sunanka?"

"Bello."

"Wannan yarinya da ke zaune, mece ce a wajenka?"

Ya sauke sandar. Ya fara zane a kan siminti. Na san wannan zane.

"Ta wajen Goggo ce."

"Ban tambaye ka wa ya riƙe ta ba. Wa ya haife ta?"

Bakin sandar ya ci gaba da zane. Wani daga cikin 'yan kwamitin ya duba agogo, ya fara tattara takardu. Na ga gurbin yana tafiya, sai na miƙe na gyara murya.

"Hajiya, abin da Malam yake nufi shi ne..."

"Zauna, Malam Habu. Sau ɗaya ka yi magana a madadinsa, ka ga inda ta kai shi."

Na zauna. Gwiwoyina suka bugi teburin yara.

Hajiya ta cire tabarau, ta sassauta murya. "Malam Bello, ni ma 'yar fari ce. Na san abin da nake tambayarka. Amma kwana huɗu ya rage mata, kuma ba ni da ikon rubuta abin da ban ji ba."

Malam Bello ya jingine sandar. Sannan, ba tare da ya dubi gefen da take ba, ya ce, "A ce ta fita."

Hajara ta tashi ta fita, ta ja ƙofa. Malam Bello ya miƙe tsaye, ya juya wa kwamitin rabin baya, ya fuskanci allo inda wani malami ya bar lissafin jiya ba a goge ba. Da allon ya yi magana.

"'Yata ce. Ita ce ta fari." Ya dafa allon. "Sunan mahaifiyata gare ta."

"Faɗi sunan, don magatakarda ya rubuta."

"Hajara."

A hankali ya faɗa, kamar mai ɗauke ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Magatakarda ya rubuta, ya miƙo tawada, ya dangwala. Hajiya ta mayar da tabarau ta ce an cire Hajara daga jerin marayu an sa ta a na 'ya'yan manoma, wanda ya ƙunshi kuɗin makaranta da kayan aiki, ban da ɗakin kwana. Ta ce kuma daga ranar duk fom ɗin da ya fito daga shagona sai an bincika shi sau biyu. Na ce na gode, don ban ga abin da ya rage in ce ba.

Da muka fito Modu ya ja ni gefe. Tagar ajin ba ta da gilashi, in ji shi, kuma yarinyar a jikin bangon ta tsaya. Ta ji duka. Na tambaye shi me ta yi. Ya ce ba ta yi komai ba, ta dai daɗe tana gyaran hijabin da ba abin da ya same shi. Sannan ya juya ya ɗaga murya, "Marigayi! Ya kwanan kabari?" Malam Bello ya ɗaga sanda ya bi shi har bakin titi.

Sunan Marigayi ya bi Malam Bello. An ce mini sati guda abokan wasansa a Gafasa suna zuwa ƙofar gidansa suna zama, suna yi masa ya haƙuri, suna tambaya ko za a raba gumba. Ni kuma daga Mai Rediyo na koma Mai Sanarwa, har yau da shi 'yan acaɓa suke kwatancen shagona.

Na sauke allon minti goma da hannuna, na dawo da gaisuwar Alhaji Ilu. Yanzu fom ɗaya yana cin mini kusan sa'a. Ina fara tambayar wanda ke zaune sunansa, da abin da yake ga ɗalibin. Idan ya yi shiru ba na fassara shirun, fita nake in tambayi wanda ya san shi. Kuma ba na turawa sai na karanta wa mai fom kowane layi da Hausa, a gabansa ko ta waya, ya ce e. Kun fi ni sauri, ban musa ba, kuma littafina mai baƙin bango yana nan ga duk wanda yake so ya kwafa. Amma akwatin nan biyu yana cikin kowane fom da kuke cikewa, kuma rabin iyayen da ke zama a bencinku ba za su ce muku ɗana ne ba.

Hajara ta yi rajista ranar ƙarshe, da azahar. Shekara biyun farko a gidan wata 'yar'uwar Goggo ta zauna a Kano. Ta gama, tana aiki a wani asibitin karkara kamar yadda ta sa hannu, kuma bara ita ta cire mini turame biyu na hagu. Malam Bello yana nan da ransa a Gafasa. Idan aka tambaye shi labarin likita sai ya ce ta wajen Goggo tana lafiya. Bai sake faɗin sunan ba.